Fashin baƙi: Yadda ake ɗora gwamna tun kafin talaka ya ga akwati

Duk lokacin da aka gama zaɓen gwamna sai ka ji mutane suna cewa ai dukkansu kanwar ja ce, babu na zaɓe a ciki, mun dai dangwala wa mai dama-dama ne kawai. Ni kuma abin da nake tambayar mai irin wannan magana shi ne, to su waɗannan mutum biyu ko ukun da aka ce ka zaɓi ɗaya a ciki, wa ya kawo maka su? Ranar da ka yi sammako ka bi layi rana ta dake ka, wallahi an riga an gama babban aikin tun watanni da suka wuce, a wani ɗakin taro ko filin wasa da aka zagaye da 'yan sanda, kai ko ƙofar ba za a bari ka matsa ba. A zaɓen 2023 misali, jam'iyyu sun tsayar da 'yan takararsu na gwamna tun ƙarshen watan Mayun 2022, mu kuma ba mu je akwati ba sai 18 ga Maris 2023. Kusan wata goma kenan ana tallata mana abin da wasu suka riga suka dafa.

Mafarin abin yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 177 ya ce wanda zai nemi gwamna dole ya zama haifaffen ɗan Najeriya, ya kai shekara 35, yana da ilimin da ya kai matakin sakandare aƙalla, sannan, kuma nan ne gizo ke saƙar, dole ya zama ɗan wata jam'iyya kuma ita jam'iyyar ce ta tsayar da shi. Babu ɗan takara mai zaman kansa. Ko duk jihar na sonka, ko yara na waƙarka a titi, in babu jam'iyyar da ta kai sunanka INEC to kai ɗan kallo ne. Ka duba ma takardar ƙuri'ar da ake ba ka, ai ba sunan mutum ba ne a jiki, tambarin jam'iyya ne, tsintsiya ko lema ko wani abu daban. Kenan duk wanda ya riƙe ƙofar jam'iyya ya riƙe ƙofar gidan gwamnati.

Dokar zaɓe ta 2022, wadda da ita aka yi zaɓen 2023, ta ba jam'iyyu hanya uku na fidda gwani. Akwai 'yar tinƙe, wasu su ce ƙato bayan ƙato, inda duk mai katin jam'iyya zai fito a mazaɓarsa ya zaɓi wanda yake so. Akwai na daliget, inda wasu 'yan wakilai ne za su taru su yi zaɓen a madadin kowa. Sai kuma masalaha, wato a zauna a daidaita a fitar da mutum ɗaya sauran su janye. A takarda kowanne da kyaunsa, amma bari mu tsaya a kan na daliget domin shi aka fi yi a wancan karon kuma shi ya fi nuna yadda wasan yake.

Shi daliget ba daga sama yake faɗowa ba. A wancan tsarin ana zaɓo shi ne a taron jam'iyya na mazaɓa, a 2022 APC mutum biyar take fitarwa a kowace mazaɓa, PDP kuma mutum uku. Ɗauki Kano da take da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, in ka yi lissafin biyar-biyar ɗin nan mutum 2,420 kenan, su ne suka yanke wanda zai riƙe wa APC tuta a jihar da a babban zaɓe mutum biyu na gaba kaɗai suka haɗa ƙuri'a kusan miliyan biyu. A wancan karon ma sai abin ya ƙara tsukewa, domin 'yan majalisa wajen rubuta dokar sun bar sashe na 84 ba tare da sun sa daliget na dindindin ba, irin su gwamna da 'yan majalisa da tsofaffin masu muƙami waɗanda da can suke zaɓe saboda kujerarsu. Da suka farga suka yi gyara cikin gaggawa a watan Mayun 2022 suka kai wa Buhari, bai sa hannu ba har aka gama zaɓukan. Sai ya zama daliget ɗin mazaɓa ne kaɗai ke da ƙuri'a, darajarsu ta tashi, haka ma darajar wanda ya rubuta sunayensu.

To wa ke rubutawa? Nan ne maganar take. A ƙa'ida 'yan jam'iyya ne za su taru su zaɓa, amma sau da yawa abin da ke faruwa shi ne kwamiti zai taso daga Abuja, ya sauka a babban birnin jiha, wanda ke riƙe da shugabannin jam'iyya, galibi gwamna in jam'iyyarsa ce ke mulki, ko wani jagora in adawa ce, shi zai tarbe su ya ba su masauki, kafin gari ya waye jerin sunaye ya kammala, a wasu mazaɓun ma mutane za su yi ta jira a makarantar firamare har la'asar ba su ga kowa ba sai dai su ji a rediyo wai an yi zaɓe lafiya an tashi lafiya. Shi ya sa in ka ga 'yan siyasa suna kashe kansu a kan wa zai zama ciyaman na jam'iyya a mazaɓa ko sakatare a ƙaramar hukuma shekara guda ko biyu kafin zaɓe, kar ka ɗauka hauka ne. Tun ran gini tun ran zane. Kujerar gwamna suke nema tun daga nan.

Ina da ɗan uwa da ya taɓa yin daliget, kuma na ga abin da idona. Mutum ne mai ƙaramar sana'a wanda a da ko kansila ba ya ɗaga wayarsa, amma sati biyu kafin zaɓen fidda gwani wayarsa ba ta huta ba, manyan motoci suna tsayawa a ƙofar gidansa bayan isha, wannan ya aiko da shadda, wancan ya aiko a duba jikin mahaifiyarsa da ba ta da lafiya. Ana jibi zaɓe aka zo da bas aka kwashe su gaba ɗaya na ƙaramar hukumar aka kai su wani otal, aka karɓe wayoyinsu a ƙofa aka zuba a kwali, babu fita babu baƙo, iyalinsa kwana biyu ba su ji ɗuriyarsa ba, daga can aka wuce da su filin zaɓe a layi, shugabansu na gaba yana kallon hannun kowa. Da ya dawo na tambaye shi wanda ya zaɓa shi ne wanda yake ganin ya fi cancanta? Ya yi shiru, sannan ya ce min, “Yaya, wanda ya sa sunana shi ya faɗa min inda zan saka.” Ban ga laifinsa sosai ba a ranar, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma abin ya daɗe yana ci min rai.

Kuɗi kuwa tun daga fom ake fara tace mutane. A 2022 fom ɗin takarar gwamna a APC naira miliyan 50 ne, a PDP miliyan 21, kafin ka sayi fetur ɗin zagaya ƙananan hukumomi ko ka gaisa da daliget ko ɗaya. Dokar 2022 ta sa iyakar abin da ɗan takarar gwamna zai kashe a naira biliyan 1, sai dai abin da ake rabawa cikin dare a ɗakunan otal ba shi da rasit. Malamin makaranta ko likita mai gaskiya da bai taɓa riƙe baitulmali ba, ina zai fara? Dole ya nemi wanda zai ɗauki nauyinsa, daga nan an samu ubangida, kuma ubangida ba sadaka yake yi ba, zai zo karɓar nasa ranar rabon kwamishinoni da kwangila.

Wasu za su ce to a koma 'yar tinƙe mana kowa ya huta. Ni ma na fi karkata can, domin sayen mutum dubu biyu ya fi sauƙi a kan sayen dubu ɗari biyu. Amma kar mu yaudari kanmu, 'yar tinƙe tana tsayawa ne a kan rajistar 'yan jam'iyya, kuma rajistar tana hannun su waɗancan shugabannin dai, su ne masu ƙirga layi, su ne masu rubuta sakamako. A Legas a watan Oktoban 2018 da 'yar tinƙe aka kayar da gwamna mai ci Akinwunmi Ambode aka tsayar da Babajide Sanwo-Olu, kuma kowa ya san ba don talakawa sun waye gari sun tsani Ambode ba ne, jagororin jam'iyya ne ƙarƙashin Tinubu suka juya masa baya. Masalaha kuma dokar 2022 ta ce sai duk waɗanda aka tantance sun rubuta da hannunsu cewa sun janye sun amince da mutum ɗaya, in ko ɗaya ya ƙi to a koma zaɓe. Sharaɗi ne mai kyau. Amma in gwamna ya kira ka gidan gwamnati da tsakar dare ga takarda ga biro, ga alƙawarin sanata ko kwamishina a gefe guda ga barazana a ɗaya gefen, mutum nawa ne za su iya cewa a'a? Wannan shi 'yan siyasa ke kira ɗauki-ɗora in abin bai yi musu daɗi ba, in ya yi musu daɗi kuma su ce masalaha. Akwai kuma kwamitin tantancewa, wanda da shi APC ta hana gwamnan Edo Godwin Obaseki shiga zaɓen fidda gwani a 2020, ya koma PDP ya ci zaɓensa a watan Satumba.

Yanzu an gama, an ɗaga hannun mutum ɗaya. Waɗanda suka faɗi fa? Wani ya rungumi ƙaddara, wani ya sauya sheƙa, wani ya tafi kotu, wani kuma, wanda ya fi kowa haɗari, ya zauna a cikin jam'iyyar yana murmushi a taro yana yi mata zagon ƙasa da daddare, abin da ake kira anti-fati. Tarihin zaɓen gwamna a Arewa cike yake da wannan. A 1991 rikicin ɓangarorin santsi da taɓo a cikin jam'iyyar SDP shi ya buɗe wa Kabiru Gaya na NRC hanya a Kano. A 2007 PDP ta hana Isa Yuguda tikiti a Bauchi ya koma ANPP ya kayar da ita. A 2011 lokacin da guguwar Buhari ke kaɗawa ana ta sak, CPC ta kasa cin Kano da Katsina, kuma babban dalili shi ne har zaɓe ya ƙarato magoya baya ba su san tabbas wane ne ɗan takararsu ba, a Kano ana ja tsakanin Mohammed Abacha da Lawal Jafaru Isa, a Katsina tsakanin Aminu Masari da Yakubu Lado. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma babu inda aka ga ƙarshen abin kamar Zamfara a 2019, kuma ya kamata duk mai son fahimtar nauyin zaɓen fidda gwani ya zauna ya karanci wannan. APC ce ke mulki, gwamna Abdul'aziz Yari na gama wa'adinsa na biyu yana son ya tsayar da kwamishinansa Mukhtar Shehu Idris, su kuma Sanata Kabiru Marafa da wasu masu neman kujerar suka ce ba su yarda ba. Aka yi ta dambarwa, kwamiti ya zo daga Abuja ya koma, har wa'adin da INEC ta sa na 7 ga Oktoban 2018 ya wuce ba a yi zaɓen da uwar jam'iyya da kowa ya amince da shi ba. INEC ta ce APC ba ta da ɗan takara a Zamfara. Aka tafi kotu, babbar kotun jiha a Gusau ta ce an yi zaɓe, kotun tarayya a Abuja ta goyi bayan INEC, a ƙarshe dai aka sa APC a takardar ƙuri'a, ta kuma lashe komai, Mukhtar ya samu ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP ya samu 189,452. Ana shirin rantsuwa, ranar 24 ga Mayun 2019, saura kwana biyar, kotun ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, don haka ba ta da 'yan takara tun farko, duk ƙuri'un da aka jefa mata sun tafi a banza. Ba gwamna kaɗai ba, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7, 'yan majalisar jiha 24, duka suka tafi rana ɗaya. Ka tsaya ka yi tunanin mutum sama da rabin miliyan da suka fito cikin halin tsaron da Zamfara ke ciki a lokacin, tsofaffi da mata masu goyo, suka bi layi, kuma babu laifin ko ɗaya daga cikinsu, rigimar manya ce a kan wa zai gaji wa ta cinye ƙuri'arsu. A shekarar ma dai APC ba ta shiga zaɓen gwamna a Ribas ba kwata-kwata saboda rikicin ɓangaren Amaechi da na Magnus Abe.

Shi Amaechin kansa ta wannan ƙofa ya shiga gidan gwamnatin Ribas. Ya ci zaɓen fidda gwani na PDP a ƙarshen 2006, jam'iyya ta cire sunansa ta sa Celestine Omehia, Omehia ya ci zaɓe aka rantsar da shi, sai a watan Oktoban 2007 kotun ƙoli ta ce Amaechi ne halastaccen ɗan takara kuma jam'iyya aka zaɓa ba mutum ba, aka rantsar da wanda bai yi kamfen na babban zaɓe ba. Daga baya an gyara doka don kar a sake naɗa wanda bai shiga kowane mataki na zaɓe ba.

Sai dai ita kotun ma tana da iyaka, kuma nan mutane ke yawan ruɗewa su ce ai an yi son kai. Ƙarar zaɓen fidda gwani wanda ya shiga takarar a cikin jam'iyyar ne ke da hurumin kai ta, kuma cikin kwana 14 da faruwar abin, in ya wuce shikenan. Marafa ɗan APC ne yana ƙarar gidansu, shi ya sa ta ci. Amma ɗan wata jam'iyya ba zai jira sai an kayar da shi a babban zaɓe sannan ya zo kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ya ce ai abokin hamayyata ba a tsayar da shi daidai ba. Haka ta faru a Taraba bayan zaɓen 2015, kotun farko ta ba Aisha Alhassan nasara a kan hujjar PDP ba ta yi fidda gwani yadda ya kamata ba, kotunan sama suka rushe suka bar Darius Ishaku. Haka a Filato, kotun ɗaukaka ƙara ta tsige Caleb Mutfwang a kan rikicin shugabancin PDP, kotun ƙoli ta mayar da shi ranar 12 ga Janairun 2024, amma 'yan majalisar PDP da aka tsige a kan wannan hujja ɗaya ba su dawo ba, domin shari'arsu a kotun ɗaukaka ƙara take ƙarewa, wannan kam zalunci ne da har yau in na tuna yake min ciwo. A wannan ranar ce kuma aka yanke ta Kano, inda Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602 Nasiru Gawuna ya samu 890,705, kotun farko ta zaftare wa Abba ƙuri'a 165,663, ta ɗaukaka ƙara ta ce ba ɗan NNPP ba ne lokacin da aka tsayar da shi, kotun ƙoli ta mayar da ƙuri'un ta kuma ce zama ɗan jam'iyya harkar cikin gida ce, ba ruwan maƙwabci.

Babban zaɓen shi kansa ƙa'idarsa ba ta da tsawo. Sashe na 179 ya ce ka fi kowa ƙuri'a, sannan ka samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar, don kar mutum ya ci da yankinsu kaɗai. Wannan ne ya sa zaɓen mataimaki yake da nauyi, ana duba shiyya, a wasu jihohin addini da ƙabila, wani lokacin kuma kujerar lallashi ce ga ɓangaren da ya faɗi a fidda gwani. Kuma tikitin ɗaya ne, in mataimaki ya samu matsala ya ja gwamna ƙasa, kamar Bayelsa inda kotun ƙoli ta soke nasarar David Lyon ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe rantsuwa, saboda takardun mataimakinsa, ta leƙo ta koma kenan. Ko zuwa na biyu a fidda gwani ba abin rainawa ba ne, a Kogi a 2015 Abubakar Audu ya rasu ana tsakiyar tattara sakamako yana kan gaba, APC ta ɗauko Yahaya Bello da ya zo na biyu a fidda gwani, ya gaji ƙuri'un ya yi shekara takwas. In kuma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a akwatunan da aka soke ba, sai a ce inkwankulusib, kalmar da Kanawa ba za su manta da ita ba tun 2019 da mazaɓar Gama. A Sakkwato a shekarar, bayan zagaye na biyu, ƙuri'a 342 ce kacal ta raba Tambuwal da Ahmed Aliyu. Ka ga a irin wannan tazara, ɗan takara ɗaya da aka ɓata wa rai a fidda gwani ya ce wa mutanen mazaɓarsa su zauna a gida ya isa ya sauya gwamna.

Shi ɗan uwan nawa da na ba ku labari, da zagaye na gaba ya zo ya riga ya raba gari da wanda ya sa sunansa, ya koma bayan wani mai neman takara da yake ganin ya fi tausayin jama'a. Ranar taron mazaɓa ya yi wanka ya sa hula ya tafi da katinsa na jam'iyya, shi da wasu mutum kamar ashirin suka zauna a inuwar bishiya suna jiran jami'an da za su gudanar da zaɓe. Sai bayan la'asar wani yaro ya zo a babur ya manna takarda a bangon ofishin jam'iyya ya juya. Suka taso suka duba, sunaye biyar ne a jiki da sa hannu da hatimi, babu nasa, kuma biyu daga cikin biyar ɗin ba a taɓa ganinsu a taron jam'iyya a mazaɓar ba.